Ƙanƙarar da Ta Haƙa Kwazazzabon Bayan Gidana

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Keffi, kuma a duk shekarun nan babu darasin da nake jin daɗinsa kamar na kogin ƙanƙara. Ban taɓa ganin abin ba. Malamin da ya koya mini ma bai taɓa gani ba, ina kuma kyautata zaton wanda ya koya masa haka ya koma ga Allah. Amma in na ɗauki alli sai in zana tsauni, in ɗora masa farar hula, in jawo harshen ƙanƙara yana gangarowa kwari, ɗalibai suna ta fifita da littattafansu saboda zafin bazara, gumi na ɗiga daga haɓata. Su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. A unguwa kuwa ba wanda ya taɓa tambayata komai a kan wannan ilimi. In an sallama mini, to cike fom ne ko rubuta takardar koke.

Gidana yana Gangaren Tudu, a layin ƙarshe, bayan layin kuma akwai kwazazzabo. Kowace damina sai ya ƙara faɗi da zurfi. Ya ci bishiyar mangwaro, ya ci masai biyu, ya fara leƙen katangun mutane. Babu wanda bai san dalili ba. A can sama akwai Alhaji mai gidan bulo, wanda leburorinsa ke kwashe yashin bakin ramin da zarar ruwa ya ɗauke. Lambatun da ya kamata ya ɗebe ruwan unguwa ya zama juji, kowa da kwandon shararsa. Ni kuma da iyali suka ƙaru, na matsar da katangar baya taku huɗu don in fitar da kicin, ta zauna daram a kan tsohuwar hanyar ruwa. Shi ya sa in mun zauna taron kwamitin unguwa a ƙofar gidan mai unguwa, sai a yi ta tsine wa zaizayar ƙasa kamar wata baƙuwa ce da ta zo daga wani gari. Kowa ya san laifin maƙwabcinsa, kowa kuma ya san an san nasa, don haka ba mai ɗaga murya.

Abin da muka iya shi ne rubuta takarda, ni ne kuma marubucin. Na rubuta har kalmomin ban tausayi suka ƙare mini. Ana nan sai wata Talata da hantsi, ga farar mota ta tsaya a bakin kwazazzabon. Wani mutum ya fito da hular kwano da riga mai ƙyalli, aka ce masani ne daga kamfanin da aka ba aikin binciken matsalarmu. Ya ɗauki hoto ta nan, ya ɗauka ta can, ya ce mai unguwa ya tsaya yana nuna ramin da yatsa, ya ɗauka. Bai sauka ciki ba saboda takalminsa. Aka kawo masa lemo mai sanyi ya sha, ya shiga mota. Shan lemon ya fi binciken ɗaukar lokaci.

Bayan wasu watanni rahoto ya iso, mai kauri, bangonsa na sheƙi, da hoton mai unguwa a gaba. Mai unguwa ya aiko aka kira ni.

"Malam, kai ne mai labarin ƙasa. Tafi da shi ka karanta, ranar Asabar bayan la'asar ka zo ka faɗa wa jama'a abin da ke ciki da Hausa."

Na zauna a tsakar gida na buɗe. Shafukan farko godiya ce ga manya. Da na shiga cikin maganar sosai, sai na ga an rubuta cewa kwarin Gangaren Tudu kogin ƙanƙara ne ya haƙa shi. Na cire tabarau na goge, na mayar. Yana nan. Rahoton ya ce haɗari ya fi yawa a ƙarshen hunturu, lokacin da dusar ƙanƙarar saman tudunmu ke narkewa. Ya ba da shawarar a kafa sanduna a saman tudun don auna kaurin dusar duk shekara. A wani shafi har an ja kunnen mazauna Gangaren Tudu kada su riƙa tafiya a kan tafki in ya daskare. A fili yake, rahoton wani kwari ne na wata ƙasa mai sanyi aka ɗauko, duk inda sunan wurin ya fito aka goge aka sa namu.

Na yi dariya har matata ta leƙo daga kicin. Na ba ta labari.

"To sai ka faɗa musu tun da fari cewa ƙarya ce," ta ce.

"Ai dole," na ce, kuma har zuciyata haka na yi niyya.

Ranar Asabar ƙofar gidan mai unguwa ta cika, wasu a tabarma, wasu a benci, wasu a tsaye. Da na miƙe da rahoton a hannu sai wurin ya yi tsit, idanu duka a kaina. Ɗalibaina ba su taɓa kallona haka ba. Sai na ce a raina, bari in fara bayyana musu abin da rahoton yake magana a kai, in sun gane sai in rushe shi. Na nemi gawayi, na juya ga katangar mai unguwa na zana tsaunina.

"Akwai ƙasashe," na ce, "inda sanyi ya yi yawa har ruwan sama yana saukowa kamar garin rogo, fari fat. Ita ake ce wa dusar ƙanƙara. In ta sauka a kan tsauni ba ta narkewa duka. Ta bara tana nan, ta bana ta hau kanta, ta baɗi ta zo ta hau ta bana. Nauyi ya yi ta danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri, kaurinta ya fi tsayin hasumiya nesa. In nauyin ya kai, sai ta fara tafiya."

"Tafiya?" in ji mai unguwa.

"Tafiya, ranka ya daɗe, amma hawainiya ta fi ta sauri. Wata a yini guda ba ta wuce taku ɗaya. Sai dai duk abin da ta taka sai ta tafi da shi. Tana ɓamɓare duwatsu su maƙale a ƙarƙashinta, ta yi ta gurzar ƙasa da su kamar yadda ake gurza rogo. Ruwa in ya haƙa kwari, ƙasansa tsukakke ne kamar bakin gatari. Ƙanƙara in ta haƙa, ƙasansa mai faɗi ne kamar komin dabbobi. Ranar da ta narke kuma, sai ta bar tulin duwatsu da tsakuwa a inda ta tsaya, kamar tifa ta juye."

Aka yi ta cewa ikon Allah. Na ƙara samun ƙarfi. Na ba su labarin ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasa sukutum a can ƙarshen duniya ta kudu da ta arewa, yadda farinta ke mayar da hasken rana sama kamar yadda farar riga ta fi baƙa sanyi, da yadda duniya za ta ƙara zafi in farin ya ragu. Na ce in ta narke ruwan teku yake shiga, teku ya cika ya hau garuruwan bakinsa. Wani da ɗansa ke aiki a Legas ya ce innalillahi. Na kusa awa guda ina magana, ba wanda ya yi hamma, ba wanda ya nemi izinin fita fitsari.

Can mai unguwa ya ce, "Madalla, Malam. To me rahoton ya ce a kan namu ramin?"

"Rahoton ya ce, ranka ya daɗe, irin wannan ƙanƙarar ce ta haƙa shi. Amma..."

"Alhamdulillahi!" Alhaji mai bulo ya ɗaga hannu biyu sama. "Shekara da shekaru ana yi mini kallon gefen ido a kan ɗan yashin da nake ɗiba. Ashe ƙanƙara ce. Allah Ya saka wa masanin nan da alheri."

Wurin ya kaure da surutu. Masu zubar da shara suka saki fuska, wani har ya ba na kusa da shi hannu suka tafa. Amma ɗin da na ce ya faɗi ƙasa aka tattake shi. Da na ɗaga murya da an ji ni, murya ce da ta saba da aji mai cunkoso. Sai dai a daidai lokacin na tuna da kicin ɗina, na kuma ji yadda ake cewa Malam akwai ilimi. Na yi shiru ina karkaɗe gawayi daga yatsuna.

Mace ɗaya ce a kwamitin, wata tsohuwar nas 'yar ƙabilar Eggon da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda ya taɓa samun ƙarfin halin ce mata ta tashi, domin rabin mutanen wurin ita ta yanke wa 'ya'yansu cibiya. Ta jira surutu ya lafa.

"Malam, ni dai ban yi labarin ƙasa ba. Amma lokacin da muka tare a unguwar nan, da goyo a bayana nake tsallake wannan ramin in tafi coci. Yaushe ƙanƙarar ta zo ta haƙa shi? Ko ina wurin aiki ne?"

Aka yi dariya. Nan ne ya kamata in kama igiyar da ta miƙo mini. Maimakon haka sai na gyara murya na ce, "Mama, ai masana sun ce a wani zamani mai nisa ƙwarai ƙanƙara ta taɓa rufe wani yanki na inda Sahara take yanzu." Maganar tana cikin littafi, gaskiya ce, sai dai ba abin da ya haɗa ta da ramin da ya girma a kan idon Mama. Ta dube ni irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya sha magani alhali ƙwayoyin suna ƙarƙashin matashi. Ta ce, "To."

Abin da ban yi tunani ba shi ne, kalma ɗaya muke da ita. Wadda ke faɗowa da hadari ƙanƙara ce, wadda ake sa wa zoɓo ƙanƙara ce, wadda na zana a katanga ma ƙanƙara ce. Wani ya tuno shekarar da aka yi ruwa da ƙanƙara ta huda kwanon rufi, aka ce ƙila ita ce, aka ga ta yi kaɗan. Sai wani ya tambaya, wai a duk unguwar nan wa ke da ƙanƙara? Kawuna suka juya zuwa shagon da ke kwanar layi. Mai shagon mutumin kudu ne, ya daɗe a Keffi, yana da manyan firiza uku yana sayar da ƙanƙara ga masu zoɓo da kunun aya da masu kifi. In aka ɗauke wuta ƙanƙararsa ta narke, yakan kwashe ruwan ya zuba a bayan shago, ta wajen ramin.

"Malam da bakinsa ya ce in ta narke ne ake samun ɓarna," in ji Alhaji.

Kafin magariba kwamiti ya yanke shawara. Za a tura mutum uku su ja masa kunne: Alhaji, da wani dattijo, da ni a matsayin mai ilimin abin.

Ranar Litinin muka je. Ya saurare mu yana goge hannu da tawul, ya dubi Alhaji, ya dubi dattijon, sannan ya tsaya a kaina.

"Malam, kai ka koyar da 'ya'yana biyu. Ka faɗa mini da bakinka, bokiti biyu na ruwa shi ne ya haƙa wancan rami?"

Na ce ai magana ce ta rahoto. Ya shiga ya cika bokiti da ruwan firiza, ya ce mu biyo shi baya, ya sheƙa a ƙasa. Ruwan bai yi taku goma ba ƙasa ta shanye shi.

"Ku matsa," ya ce, "kar ya tafi da ku."

"A hankali take yi," in ji Alhaji. "Malam ya ce hawainiya ta fi ta sauri."

Mai ƙanƙara ya ce ya ji, daga yau zai riƙa zuba ruwan a gindin gwandarsa. Daga ranar in na wuce na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, idonsa na kan firiza. Magana ta zaga gidaje, ta canja kama a hanya, har ta zama wai ƙanƙararsa tana cin ƙasa. Wasu masu zoɓo suka koma tafiya har unguwar Yara su sayo, su dawo da rabi ta narke a cikin buhu.

Matata ba ta bi su ba. Wata rana tana kwashe tuwo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ka bar bawan Allah yana ɗauke da laifin kicin ɗin nan da nake tsaye a ciki."

Washegari na ɗauki rahoton na tafi ofishin da ya aiko da shi. Jami'in da na samu mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya saurare ni. Na buɗe masa shafin dusar ƙanƙara, na buɗe masa na daskararren tafki. Ya karanta yana gyaɗa kai, sannan ya juya bangon baya ya nuna mini hatimi.

"Malam, an riga an karɓi rahoton nan."

"Yallaɓai, babu dusar ƙanƙara a Keffi."

"Ni ma a Keffi nake kwana, na sani. Amma in na rubuta cewa rahoton ba daidai ba ne, sai a soke shi, a sake neman wani masani, fayil ɗinku ya koma ƙasan tuli. Yanzu kuwa yana sama. Kuma bari in faɗa maka, takardar da ke da narkewar ƙanƙara da sauyin yanayi a ciki, manya sun fi saurin karanta ta. Wadda ta ce shara ce ta toshe lambatu, wa zai kira taro a otal a kanta?"

Na rufe rahoton na miƙe. Ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce in gaishe da mai unguwa, aiki na nan tafe.

Aikin kuwa ya zo. Kafin damina aka kawo sanduna uku masu fenti ja da fari, aka kafa su a saman tudu da siminti, kamar yadda rahoto ya ce, don auna kaurin dusar ƙanƙara. Aka ɗauki hoto. Masu awaki sun ji daɗinsu ƙwarai, domin ba a taɓa samun turke mai ƙarfi irinsu ba a unguwar.

Cikin watan Agusta, wata ranar Laraba bayan azahar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a falo ina duba takardun jarrabawa, matata ta fito daga kicin ɗauko gishiri a ɗaki. Sai muka ji wani ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza. Da muka leƙa, babu katangar baya, babu kicin. Ruwa ja yana wucewa ta inda ya saba wucewa kafin in matsar da katangar, tukunyar miyarmu tana juyi a samansa. Matata ta zauna a bakin ƙofa da gishirin a hannu. Ni kuwa ina ta lissafin abin da zai same ta da a ce gishirin a kicin yake.

Da ruwa ya tsagaita maƙwabta suka taru. Wanda ya fara isowa da shebur a kafaɗa mai ƙanƙara ne. Bai gaishe ni ba, ya shiga janye buloli daga bakin ɗakin da ya rage. Mama ta zo da lema, ta duba matata, ta riƙe hannunta ta ji bugun jini, sannan ta juyo.

"Sannu, Malam. Ƙanƙarar ce?"

"Ba ƙanƙara ba ce, Mama," na ce, na kuma ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Katangata ce na gina a kan hanyar ruwa. Da sharar da muke zubawa a lambatu, da yashin da Alhaji ke ɗiba. Rahoton nan na wani gari ne aka kwafo, na sani tun ranar da na buɗe shi. Wannan bawan Allah ba ruwansa."

Alhaji ya fusata. "Kai da bakinka ka tsaya ka yi mana zane a katanga!"

"Na ce amma, Alhaji, ka katse ni."

Mai unguwa, wanda ke tsaye ya tattare babbar rigarsa saboda taɓo, ya ce, "Ni na ji amma ɗin, Malam. Na jira ka ƙarasa, na ga ba ka ƙarasa ba, na ce ƙila kai ma ba ka so a ji."

Asabar ɗin da ta biyo aka yi gayya. Muka kwashe lambatu, abin da ya fito daga ciki har da katifa da ƙofar mota. Muka jera buhunan ƙasa a inda ruwa ya fi duka, Mama ta sa aka samo ciyawar jema aka dasa a gefen ramin don saiwarta ta riƙe ƙasa. Alhaji ya ba da fasassun buloli, ya kuma hana leburorinsa ɗibar yashi har ƙarshen daminar, da rani suka koma, amma sun ɗan matsa gaba. Ni na sake katanga a inda take tun asali, matata ta koma girki a rumfa. Ramin bai cike ba, yana nan, sai dai bai ƙara cin katangar kowa ba tun daga lokacin.

Na ɗauki mako biyu kafin na iya zuwa shagon mai ƙanƙara. Na same shi yana fasa wa wata mai kifi ƙanƙara da guduma. Na jira ta tafi, na ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ya jawo mini benci da ƙafa.

"Ranar da ka yi bayanin ƙanƙarar nan ina shago," ya ce. "Kowa ya ji, ni da aka ɗora wa laifi ban ji ba. Yi mini."

Na yi masa, wannan karon a taƙaice, ba zane. Ya saurara har na kai ga ƙanƙarar da ta rufe ƙasa guda, kaurinta ya fi hasumiya.

"Duk wannan, ba wuta, ba janareta?"

"Ba ko ɗaya."

"Kuma ka ce tana narkewa, suna kallo?"

Na ce haka masana suka ce. Ya girgiza kai cikin takaici na gaske, ya tashi ya je ya danna murfin firizarsa ya tabbatar ya rufu sosai.